Ilimin da Ba Ya Wuce Ƙofa

A wannan zamani ɗaliban likitanci sun daina karatu. Kowace safiya ɗakin karatun asibiti yakan ba su aron wani ɗan dutse su liƙa bayan kunne, sai ilimi ya zauna musu a ka.

Ranar Laraba wata ɗaliba, Talatu, ta roƙi mai kula da ɗakin.

"Baba Ɗanjuma, mahaifina na kwance a ƙauye. Bar ni in tafi da dutsen."

"'Yata, ko na yarda, ba ya aiki a wajen ƙofar asibiti."

Sai ta rubuce abin da ta sani a hannunta, ta fita. A tasha ta duba. Rubutunta ne sarai, amma ko kalma ɗaya ba ta gane ba.

Direba ya ga farar rigarta, ya ce, "Likita, shigo gaba."