Guzurin Uwa

"Malama, sun daina rabuwa tare," in ji wata ɗaliba, idonta a kan na'urar ƙara girma.

Tun safe ajin ke kallon ƙwan kwaɗon da malamar ta ɗebo a kududdufin bayan makarantarsu a Birnin Gwari. Ƙwayar halitta ɗaya ta zama biyu, biyu suka zama huɗu, duk lokaci guda kamar masu lugude.

"Uwar ce ta zuba wa ƙwan guzuri," malamar ta ce. "Daga shi ake samun furotin da ke riƙe musu lokaci. In ya taru su shirya, in ya watse su rabu. Da guzurin ya gaza, kowace sai ta kama gabanta."

Sai malamar ta tuno gidansu na bakin daji, kafin 'yan bindiga su tashi ƙauyen. Taɓaryar Inna ke tayar da su, akushi ɗaya ke tara su. Tun rasuwarta ko Sallah ba ta haɗa su, ita kuwa fushin watsewar tasu ya hana ta ɗaga wayar ƙannenta.

"To ƙwan ya mutu ke nan, Malama?"

Malamar ta juyo gare ta.

"A'a," ta ce a hankali. "Yanzu ne zai fara zama kwaɗo."