Ranar da Aka Raba Gadona

"Ku ajiye igiyar awon nan," na ce wa masu awo, ina haki. Saukata ke nan daga jirgin ƙasan da ya taso daga birnin Bandung, na tarar da Yaya Oding yana kafa turaku a gonar shinkafata.

Wani mai tallan taba ne ya kai mini labari wurin da nake aikin wasan majigi. Wai 'yan garinmu sun kalli majigin da aka soke ni a ciki, har sun yi mini sadakar arba'in, yau za a raba gado.

"Yaya, ga ni da raina. Wuƙar ta kwali ce, jinin kuma ruwan gahawa. Sau goma sha ɗaya na mutu ranar kafin mai ɗaukar hoton ya gamsu."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Mutum ɗari sun ga gawarka jikin farin ƙyallen majigi. Kai shaidunka nawa, marigayi?"

Masu awo suka tuntsire da dariya. Na wuce gida raina a ɓace. Na samu Inna ta zuba shinkafa da soyayyen kifi a tsohon kwanona, tana jira.

"Inna, har ke kin yarda na mutu?"

"Majigi bai taɓa zuwa garin nan ba, Engkos. Ni na shirya labarin, na tura maka mai taba. Shekara huɗu ina aika maka ba ni da lafiya, ba ka zo ba. Da na sa aka taɓa gona, kwana ɗaya ya ishe ka. Zauna ka ci."