Kwamfutar da Hotunan Inna Suke Ciki

Bayan an tashi daga zaman makokin Inna, Baba ya zauna da la'asar ya danna maɓallin kwamfutar da hotunanta suke ciki. Shiru. Ya jona rediyo a soket ɗin, ya kama, ashe kahraba, wato wutar lantarki, na nan. Ya sauya waya, shiru. Da ya kwance murfin, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugo mu. Matan da suka zo gaisuwa sun yi ta yayyafa ruwa a ɗakin saboda zafin garinmu Suki, kwamfutar kuwa tana ajiye a ƙasa.

"Ɗiyata," in ji Baba, "kin riƙe fuskarta?"

Na ce na riƙe.

Har yau in aka yayyafa ruwa a tsakar gida nakan tsaya in nemi fuskar. Ƙamshin kawai ke zuwa.