Ɗingishin Aro

"Ka koya min ɗingishinka, na ba ka sabon takalmina," in ji ɗan dako. So yake a raba shi da buhunan siminti.

Mai gadin sito ya karɓi takalmin. "An gama, ɗan ƙanena. Sa tsakuwa a tsohon takalminka na hagu. Yau a dunduniya, gobe a tafin ƙafa. Kar ka bar ta wuri ɗaya, ƙafar da kanta za ta nemo hanya."

Ƙafar kuwa ta koya. Ɗan dako ya jefar da tsakuwar, ɗingishin ya ƙi tafiya.

Wata safiya baƙar mota ta tsaya a ƙofa, ƙarti biyu suka fito.

"Baba, wanda ya ƙona gidan yayanmu muke nema. Ba mu san fuskarsa ba, amma yana jan ƙafar hagu."

Mai gadi ya taka zuwa wurinsu, tafiya lafiya lau. Tun ranar cinikin yake sa tsakuwa a takalmin dama, har tasa tafiyar ta daidaita.

Ya nuna cikin sito da haɓa, inda ɗan dako ke jan ƙafar hagu.

Mai gadi ya tsira da ransa da sabon takalmi. Ɗan dako kuwa an raba shi da buhu, har abada.