Tsagar Hagu

Ranar da muka koma aji bayan rasuwar aminiyata, ɗankwalin sabuwar ɗaliba ya zame, na ga kitsonta. Tsagar ta karkace hagu. Hannun aminiyata ne, bahaguwa ce. Ashe ba ni kaɗai take yi wa ba.

Nawa na tsefe tun tana raye, garin fushin banza. Na daina gaida sabuwar ɗalibar.

Rannan ta tare ni a bakin famfo. "Kitson yana warwarewa," ta ce. "Ke kika san hannunta."

Ta miƙo kibiyar kitso, ta zauna gabana. Na karɓa da niyyar jan gashin har sai ta yi kuka. Na yi tsagar farko, ta karkace hagu.

Ni na riga ta kukan.