Mai Tausa da Ɗamarar Bindiga

Kai a ganinka duk wanda ya sunkuyar da kai gaban azzalumi ya sayar da mutuncinsa ke nan. To, gyara zama ka ji misali.

A zamanin wani yaƙi, a wata ƙasa da soja ya danne, an yi wani mai tausa, ɗan siririn mutum wanda in ka gan shi a kasuwa ba za ka sake waiwayarsa ba. Shugaban ƙasar mugu ne, amma alƙalamin kisa yana hannun mataimakinsa: sunan da ya sa wa hannu da hantsi, kafin la'asar an harbe mai shi a bayan bariki. Shi wannan mataimaki yana fama da ciwon ƙugu, in ya motsa masa har birgima yake yi a ƙasa kamar jaki. Da likitocin bariki suka gaji da allura, aka kawo mai tausa. Ya durƙusa, ya shafa man kaɗanya, ya bi jijiya da babban yatsa, can sai mutumin ya yi ajiyar zuciya, ya ce a faɗi lada. Mai tausa ya ce ba ya son komai, sai dai akwai wani tela maƙwabcinsa da aka kama bisa kuskure. Aka saki tela. Daga nan abin ya zama al'ada. Mata sukan tare matarsa a bakin rijiya su raɗa mata sunayen mazajensu, shi kuma ya haddace, don takarda a aljihu tana iya kai mutum lahira. Ba ya roƙo sai daidai lokacin da zafi ya saki mataimakin. Mutanen unguwa kuwa, waɗanda ba su san dawan garin ba, karen soja suke ce masa, in ya wuce su tofar da yawu.

Akwai abin da ya ɓoye. Tun ranar farko hannunsa ya gaya masa tushen ciwon, wato ɗamarar fata da bindiga mai nauyi rataye a gefe guda, wadda mataimaki ba ya kwancewa ko zai ci abinci. Ita ta karkatar da ƙugun. Da zai ajiye ta wata ɗaya, da ciwo ya tafi. A sana'arsu ɓoye wa majinyaci magani babban abin kunya ne, amma ya ja bakinsa ya yi gum, domin ya san ranar da ciwon ya tafi ƙofar kurkuku ta rufe ke nan, babu sauran wanda za a saki. Kada ka ɗauka jarumi ne. Tsoro yake ji ƙwarai. Kullum aka aiko mota sai ya zaga bayan gida ya yi amai tukuna ya fito.

A shekara ta uku aka kama masunta goma sha bakwai, wai suna ƙetarar da 'yan tawaye a kwale-kwale, aka sa ranar Alhamis za a harbe su. Ranar Litinin mai tausa ya shiga da sunayensu a kansa, sai ya tarar da wani baƙon likita da aka ɗauko daga ƙasar waje, ga kuma ɗamarar nan a kan tebur. Mataimaki ya tambaye shi a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro, ko ya san abin da likita ya gano cikin minti biyar. Ƙarya ba ta da wurin tsayawa. Mai tausa ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma wane ni in ce wa mutum irinka ya ajiye bindiga?"

Aka jefa shi ɗaki ɗaya da masuntan, waɗanda ba su ma san ko shi wane ne ba. Ya yini Talata yana jin ƙarar harbi daga bayan bariki, yana kallon yatsunsa, yana tunanin ko da su za a fara. Laraba da azahar aka buɗe ƙofa aka kira shi. Ya yi kalmar shahada, ya bi soja. Maimakon bayan bariki, sai aka nufi gidan mataimaki da shi. Ya iske mutumin kwance a kan darduma yana nishi, ɗamara ɗaure tam a ƙugu. Ashe kwana biyu kawai ya iya yi babu ita. Yana tsoron shugabansa, yana tsoron masu gadinsa, har kukunsa tsoronsa yake yi, duk wanda ya taɓa ƙofa sai hannunsa ya kai ƙugu ya ji wayam. Ya gwammace ciwo.

Mai tausa ya durƙusa ya kama aiki. Da jijiya ta saki, mataimaki bai buɗe ido ba, ya ce, "Yau su nawa ne?"

Ya ce, "Goma sha bakwai, ranka ya daɗe."

Ranar Alhamis masunta suka koma bakin kogi da ƙafafunsu. To kai da kake auna mutum da yadda ya miƙe tsaye, duba mini ɗakin nan da ɗaya ke kwance ɗaya ke durƙushe, ka faɗa mini wa ya fi wani tsawo. Shi ya sa magabata suka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.