Mai Lallen Kurudu

Batulu ba ta zuwa lalle gidan mutane. Duk amaryar da ke son hannunta, ita ke shiga mota ta same ta a ɗakinta na Kurudu, gefen Abuja. Amma da aka ce mata bikin 'yar Alhaji Sale ne na Wuse, tun kafin mai kiran ta rufe baki ta ce za ta zo.

Ta zo ranar Alhamis da niƙabinta da jakar kayan aiki. Aka kawo mata shinkafa da kaza, ta ce ta ƙoshi. Ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Amarya Nazeefa yarinya ce mai fara'a, bakinta ba ya shiru. Ta miƙa hannu tana ba da labarin angonta Al-Amin, ɗan ƙanen babanta, wanda ya taso a gidansu. Maraya ne, in ji ta, uwa da uba duk sun rasu tun bai yi wayo ba.

"Mama, ki yi min wanda ba zai goge da wuri ba."

"Ki kwantar da hankalinki. Aikina yana daɗewa."

Batulu ta san wannan hannu tun yana ɗan mitsitsi. Ta yi zaman aure a babban gidan su Nazeefa na Malumfashi, tun Alhaji Sale bai san hanyar Abuja ba. Da aka haifi Nazeefa, uwar ta kwanta asibiti rai a hannun Allah, jaririya ta yi ta tsala kuka har muryarta ta dishe. Tsohuwar gidan ta ɗauko ta, ta ɗora wa Batulu a cinya, ta ce ta taimaka ta ba ta nono. Maza ba sa tambayar irin wannan. Tsohuwar kuwa yanzu ta daɗe da rasuwa.

A daminar da ta biyo baya aka yi rasuwa biyu a gidan, sai aka ce Batulu mayya ce, ita ta lashe musu kurwa. Sale da kansa ya watso mata kaya waje. Ta je gidan ubanta, aka ce ta nemi wani wuri, su ma suna da yara. Duk abin da ta mallaka a duniya ta baro shi a bayan ƙofar da aka rufe mata.

Shekarun nan ba ta taɓa roƙon Allah ya huce mata zuciya ba. Roƙonta ɗaya, ya ba ta rana, kuma a gaban jama'a. Tana iya faɗa wa Nazeefa komai a wannan zama, a kashe maganar cikin ɗaki ba wanda ya ji. Ta duba yarinyar, ta ji wani abu ya ɗan motsa mata. Sai ta tsoma tsinke ta ci gaba da zane. Ita ma ai ba a cikin ɗaki aka kore ta ba.

Bayan sallar Juma'a aka cika rumfunan ƙofar gida. Manyan ma'aikata, 'yan kasuwa, motoci har bakin titi. Ango na zaune cikin abokai, sai ƙamshi yake. Liman ya gyara zama, waliyyai suka matso, aka ajiye goro da alewa.

Batulu ta ratsa tsakiyar maza ba ta sauri.

"Malam, a dakata. Auren nan ba ya ɗauruwa. Amarya ta sha nonona, ta ƙoshi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba."

Alhaji Sale ya ɗago kai. Muryar ce ta fara isa gare shi, carbin hannunsa ya faɗi.

"Ku fitar da ita! Mahaukaciya ce! Ina masu gadi?"

"Alhaji, a yi haƙuri," in ji liman. "Magana ce ta shari'a, dole a ji ta." Ya juyo gare ta a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. "Baiwar Allah, ko gaskiya kika faɗa, shayar da amarya kaɗai ba ya hana komai. Sai fa in shi ma angon kin shayar da shi."

Wasu suka yi ajiyar zuciya, wani daga baya har ya yi dariya. Alhaji Sale bai yi ba. Zufa ce ke bin wuyan babbar rigarsa.

Batulu ta ɗaga niƙabi. Ba ta dubi Alhaji ba, ba ta dubi liman ba, ango take kallo.

"Shayar da shi, Malam? Ai ni na haife shi."